Tekun Peru da faɗuwar ancobeta a 1972

A shekarar 1970 masuntan Peru sun fito da kifi sama da tan miliyan 12 daga teku, kuma kusan dukansa iri ɗaya ne, wani ɗan ƙaramin kifi da ake kira ancobeta, wanda ko ya girma ya ƙoshi da ƙyar yake kai santimita 20. Wannan kamun shi kaɗai ya tasam ma kashi ɗaya cikin biyar na duk kifin da aka kama a tekunan duniya a shekarar, kuma har yau ba a sake samun wani kifi iri ɗaya da aka kwasa da yawa haka a shekara guda ba. Zuwa 1973 abin da aka samu bai kai tan miliyan 2 ba, jirage sun yi layi a tasha babu aikin yi, masana'antu sun rufe, dubban mutane sun rasa abin yi. Yawanci in ana ba da labarin sai a ce ai El Nino, wato sauyin yanayin tekun Pasifik da ke aukuwa bayan 'yan shekaru, shi ne ya zo ya ɗumama ruwa kifi ya mutu, shi kenan. To haka ne, El Nino ya zo, amma ni a ganina wannan rabin labarin ne ma ba duka ba, kuma ba za a gane sauran rabin ba sai an fara sanin daga ina wannan uban kifin yake fitowa tun farko.

Ruwan gaɓar Peru sanyi gare shi fiye da yadda ya kamata a wuri mai kusa da tsakiyar duniya haka. Masanin nan ɗan Jamus Alexander von Humboldt ya auna shi a 1802 ya samu wajen digiri 16, a inda mutum zai zaci 25 ko fiye, shi ya sa har yanzu ake kiran igiyar ruwan da sunansa. Abin da ke faruwa shi ne iska na kaɗawa daga kudu zuwa arewa tana bin gaɓa kusan duk shekara, kuma saboda juyawar duniya ruwan da ke saman teku ba ya bin iskar kai tsaye, sai ya karkata hagu, wato ya yi yamma ya bar gaɓa ya shiga cikin teku. In ruwan da ke sama ya tafi dole wani ya maye gurbinsa, sai na ƙasa ya taso, galibi daga zurfin da bai wuce mita 100 ba. Shi kuma wannan ruwan ƙasan cike yake da taki, naitirojin da fosfaras da silika, domin duk abin da ya mutu a sama nutsewa yake ya ruɓe a can cikin duhu inda babu tsiron da zai sha.

A nan matsalar teku gaba ɗaya take. Haske yana sama, taki yana ƙasa. Tsiro kuma sai da su biyun yake haɗa abinci. Shi ya sa tsakiyar manyan tekuna ruwan shuɗi ne shar, garau, kana ganin ƙasa da nisa, amma fa wannan kyan alamar yunwa ce, babu kusan komai a ciki. Inda ruwan ƙasa ke tasowa ya haɗu da rana kuwa sai ka ga ruwa ya koma kore-kore ko ruwan ƙasa-ƙasa, ya yi duhu, saboda ƙananan tsirran ruwa masu shawagi da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, musamman irin da ake kira dayatom masu ɓawon silika. Tsiro ɗaya ƙwayar halitta ɗaya ce tal, in ta samu abinci da haske tana iya rabewa biyu a rana guda, gobe huɗu, jibi takwas, cikin 'yan kwanaki ruwa ya cika.

Wannan saurin ne ya kamata a riƙe da kyau, don a kansa komai ya rataya. Akwai abubuwa biyu da mutane ke yawan cakuɗawa, nauyin abin da ke raye a wuri a daidai lokacin da ka auna, da kuma yawan sabon abin da wurin ke samarwa a rana ko a shekara. Ba ɗaya ba ne ko kusa. In aka tattara duk tsirran duniya aka ɗora a sikeli, waɗannan na teku ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, itatuwan dazuzzuka ne suka kwashe nauyin. Amma in aka zo lissafin sabon abin da ake samarwa a shekara, ƙiyasin da aka yi a 1998 da bayanan tauraron ɗan'adam ya ba da wajen tan biliyan 105 na kabon a duniya baki ɗaya, kuma kusan rabi daga teku yake. Dalili kuwa itace na iya tsayawa shekara ɗari da nauyinsa, su kuwa tsirran teku cikin kamar mako guda an cinye su ko sun mutu wasu sun maye. Nauyin da ke tsaye kamar uwar kuɗi ne, abin da ake samarwa kuma riba ce, a teku uwar kuɗin 'yar kaɗan ce amma juyawa take ba dare ba rana. Ancobeta ma haka yake a nasa matakin, yana fara ƙwai yana da wajen shekara ɗaya, lokacin tsawonsa ya kai kamar santimita 12, kuma da wuya ya wuce shekara uku a duniya. Wato kifin da ake kamawa bana yawanci na bara ne ko na bariya, babu wani tsohon tari da ke ajiye a ƙarƙashin ruwa. In haihuwar shekara ɗaya ta lalace ba a daɗewa za a gani.

A 1969, ana tsakiyar cin kasuwar, wani masanin teku ɗan Amurka John Ryther ya fitar da wani lissafi da ya yi suna sosai. Ya raba teku gida uku. Tsakiyar teku, kashi 90 cikin 100 na faɗin ruwan, ya ba ta giram 50 na kabon a kowace murabba'in mita a shekara. Bakin gaɓa, kusan kashi 10, giram 100. Sai wuraren da ruwan ƙasa ke tasowa, kashi 0.1 kacal, giram 300. Bambancin 50 da 300 ninki shida ne kawai, bai isa ya bayyana abin da ake gani ba, to sai ya ƙaro maganar tsawon sarƙar abinci. Tun 1942 Raymond Lindeman ya nuna cewa duk lokacin da wani ya ci wani, ɗan kaɗan ne ke zama nama a jikin wanda ya ci, a taƙaice wajen kashi 10, sauran ya tafi a numfashi da motsi da kashi. A tsakiyar teku tsirran 'yan mitsi-mitsi ne ƙwarai, sai wani ƙwaro ya ci, wani ya ci shi, wani ya ci wancan, sai an taka mataki wajen biyar kafin a iso kifin da mutum zai kama. Gwada da kanka, kilo 100,000 na tsiro in ya bi mataki biyar ana barin kashi 10 kowane mataki, kilo 1 zai rage. A wuri irin Peru kuwa Ryther ya ɗauka mataki ɗaya da rabi ne, tsirran manya ne suna haɗuwa sarƙa-sarƙa, kifi na tace su kai tsaye. Da ya gama sai lissafi ya nuna wannan ɗan kashi 0.1 ɗin yana samar da wajen rabin kifin duniya, tsakiyar teku kuwa duk faɗinta ba ta kai kashi 1 ba. Ya kuma ce abin da za a iya ɗiba daga teku kowace shekara ba tare da ɓarna ba ba zai wuce tan miliyan 100 ba, a lokacin da wasu ke ta cika baki cewa teku za ta ciyar da duniya komai yawanta. Kamun kifin teku na duniya dai ya je ya tsaya tsakanin miliyan 80 da 90 tun ƙarshen shekarun 1980, saboda haka mutumin bai yi nisa da gaskiya ba.

To kafin mutum ya sa hannu wa ke cin wannan kifin? Don ba zaune yake yana jiran taru ba. Manyan kifaye na ci, zakunan teku na ci, amma waɗanda aka fi gani su ne tsuntsaye, iri uku, guwanai da pikero da kwasakwasa. A tsakiyar shekarun 1950 an ƙiyasta su sama da miliyan 20. In ka ɗauka kowanne na cin abin da bai kai rabin kilo ba a rana, ka buga da kwana 365, za ka ga tan miliyan 2 zuwa 3 na tafiya cikin tsuntsaye duk shekara. Su kuma suna komawa tsibirai su kwana su yi kashi, kuma saboda ruwan sanyin nan ya hana hadari haɗuwa, gaɓar Peru hamada ce, Lima kanta kusan ba a ruwan sama, kashin ba ya wankewa, naitirojin ɗinsa na nan a ciki. Haka ya yi ta taruwa shekara da shekaru har a tsibiran Chincha ya yi tudu mai tsayin gomman mitoci. Daga wajen 1840 zuwa 1880 Peru ta sayar wa Turai da Amurka sama da tan miliyan 10 na wannan taki, har Sifen ta mamaye tsibiran a 1864 aka yi yaƙi. Abin dubawa shi ne tarin da tsuntsaye suka yi ƙarnuka suna ajiyewa an kankare shi cikin shekara arba'in. A 1909 aka kafa kamfanin kula da takin, aka sa masu gadi a tsibirai, aka hana damun tsuntsaye lokacin ƙwai, aka koma kwashe abin da suka zuba a 'yan shekaru kawai, kuma tsarin ya yi aiki, tsuntsaye suka ƙaru. Wato Peru ta riga ta ga wannan darasin sau ɗaya da idonta kafin na kifi.

Da aka fara maganar garin kifi, wato busasshen kifi da ake niƙawa a ba dabbobi, a shekarun 1950 wannan kamfanin takin ne ya fi kowa adawa, yana cewa za a kashe tsuntsaye da yunwa. Ba a saurare shi ba, kuma gaskiya in lissafin kuɗi ne kaɗai ba shi da hujja, don wajen tan 5 na ɗanyen kifi ke ba da tan 1 na gari, alhali in ka bar tsuntsu ya ci ya narkar ya zubar da rabi a teku abin da zai iso tsibiri bai kai haka ba. Abubuwa kuma suka haɗu lokaci guda. Kamun sadin na Kalifoniya ya durƙushe, aka sayo injinan masana'antunsu da araha aka kawo Peru. Tarun nailan ya shigo ya maye na auduga da ke ruɓewa. Turai da Amurka kuma kiwon kaji da aladu na zamani na bunƙasa, ana neman abinci mai gina jiki ido rufe. A 1955 kamun bai kai tan dubu 100 ba, zuwa 1960 ya kai wajen miliyan 3, a farkon shekarun 1960 Peru ta wuce Japan ta zama ta ɗaya a duniya a nauyin kifi, 1964 ana maganar kusan miliyan 9. Chimbote da ke ɗan ƙaramin gari ta cika ta batse da baƙi daga tsaunuka masu neman aiki, mutane irin su Luis Banchero Rossi suka zama hamshaƙai cikin 'yan shekaru.

Yadda ake kamun ma yana da muhimmanci a labarin. Ancobeta ba ya yawo ɗai-ɗai, garke yake yi mai kauri. Jirgi na fita tun da sauran dare, na'urar sauti na nuna inda garken yake, sai a saki ƙaramin kwale-kwale riƙe da bakin taru, babban jirgin ya yi da'ira ya zagaye garken, tarun na rataye kamar katanga, sama da abubuwan da ke sa shi yawo, ƙasa da darma. Sai a ja igiyar da ke bi ta cikin zobban ƙasan, gindin ya tsuke, kifi ba hanyar nutsewa. A zura bututu a zuƙe shi zuwa cikin jirgi, babu ƙanƙara babu komai, na ƙasa ya murƙushe saboda nauyin na sama, kafin a iso tasha wani ya fara narkewa. A masana'anta a dafa, a matse, a raba mai da ruwa, a busar, a niƙa, a zuba a buhu. Ruwan jini da abin da ya zube a hanya a wancan lokacin komawa teku yake, ba ya shiga littafi, ga kuma ɓoye adadi, shi ya sa masu binciken da suka sake duba alƙaluman daga baya suka ce abin da aka kashe a 1970 ya fi miliyan 12 ɗin da aka rubuta.

Ba wai babu masu gargaɗi ba ne. Cibiyar binciken teku ta ƙasar, IMARPE, an kafa ta a 1964 a Callao, kuma tare da ƙwararru daga waje irin su Milner Schaefer sun ce abin da za a iya ɗiba a shekara bai wuce wajen tan miliyan 9.5 ba. Shi kansa wannan adadin ya hau ne saboda tsuntsaye sun ragu, El Nino na 1965 ya same su ga yunwa ga gasa da jirage, suka faɗo zuwa wajen miliyan 4 ba su kuma farfaɗo kamar yadda suka saba ba, rabonsu ya koma taru. Amma ko 9.5 ɗin ba a tsaya a kai ba, jirage sun haura 1,400, masana'antu na iya niƙa ninkin abin da teku ke bayarwa, kowa da bashin banki a wuya, wa zai ce a tsaya? 1970 aka wuce miliyan 12, 1971 aka wuce miliyan 10. Kuma babbar matsalar adadin 9.5 ita ce an gina shi ne kan matsakaiciyar shekara, alhali wannan tekun ba ta san matsakaiciyar shekara ba, wata shekarar ta yi ambaliya wata ta ƙafe.

Alamar farko ta bayyana tun kafin ruwa ya ɗumama sosai. Ƙwan da aka zuba a ƙarshen 1971 bai ba da 'ya'ya ba sai ɗan kaɗan, masu bincike suka ga ƙananan kifin da ya kamata su shigo garke a farkon 1972 babu su. Sannan El Nino ya sauka. Mutane da yawa na zaton in El Nino ya zo ruwan ƙasa daina tasowa yake, a'a, iskar gaɓa sau da yawa tana nan tana kaɗawa, tasowar ma na nan. Abin da ya canja shi ne iskar da ke tura ruwan ɗumi yamma can tsakiyar Pasifik ta yi rauni, ruwan ɗumin ya dawo gabas ya taru a gaɓar Kudancin Amurka ya yi kauri, iyakar da ke raba shi da ruwan sanyi ta nutse ƙasa. To ruwan da ke tasowa daga mita 50 ko 100 yanzu shi ma na ɗumi ne mara taki. Dayatom suka ragu, ƙananan dabbobin da ke cin su suka ragu, kifi ya rame, mai ya ragu a jikinsa, ƙwai ya ragu.

A nan ne abin ya fi ba ni takaici duk lokacin da na sake duba shi. Ancobeta ba ya son ruwan ɗumi, sai abin da ya rage ya tattaru a 'yan wuraren da sanyi ya saura dab da gaɓa. Ga mai taru kuwa babu abin da ya fi wannan daɗi, kifi ya cushe wuri ɗaya kusa da tasha, ko man jirgi ba ka ƙonawa sosai. A watannin Maris da Afrilu na 1972 jirage na dawowa maƙil, wasu kwanakin ana sauke sama da tan dubu 100 a rana, duk wanda ke tsaye a tasha zai rantse kifi bai taɓa yawa haka ba, alhali iyayen ƙarshe ake kwashewa. Cikar jirgi ba ta nuna yawan kifin da ke teku, tana nuna sauƙin kama shi ne kawai, kuma ga kifi mai yin garke waɗannan biyun na iya bin hanya daban-daban har zuwa ranar ƙarshe. Kafin tsakiyar shekara ruwa ya ƙare wa ɗan kada, aka rufe kamun, shekarar ta tashi da wajen miliyan 4 da rabi, 1973 ƙasa da 2. A tsibirai tsuntsaye suka watsar da ƙwai da 'yan tsaki suka bazama neman abinci, gawarwakinsu suka cika bakin ruwa.

Girgizar ba ta tsaya a Peru ba. Masu kiwon kaji da aladu a duniya suka koma kan waken suya, farashinsa ya yi tashin gwauron zabo, har a Yunin 1973 gwamnatin shugaba Nixon ta taƙaita fitar da shi daga Amurka na ɗan lokaci, abin da ya firgita Japan ya kuma taimaka wajen tura kuɗi zuwa noman waken a Barazil. A gida kuma gwamnatin soja ta Janar Juan Velasco Alvarado ta ƙwace masana'antar garin kifin a watan Mayu 1973 ta haɗe ta a kamfanin gwamnati Pesca Perú. Sauyin mai shi bai dawo da kifi ba, an ci gaba da ɗiba a 'yan shekarun da ya ɗan ɗago kai don ana bukatar kuɗin waje, sai El Nino na 1982 zuwa 1983 ya zo wanda ya fi na baya ƙarfi, a 1984 kamun ancobeta bai kai tan dubu 100 ba.

Sai dai teku ba ta mutu ba, wannan ma abin lura ne. Tsirran sun dawo da zarar ruwan sanyi ya dawo, abinci na nan, wani ne kawai ya ci. Sadin ya yawaita har ana kama miliyoyin tan a ƙarshen shekarun 1980, a lokacin ɗumin 1983 wani irin kifin ɓawo ya cika yankin Paracas ya azurta masu nutso, a tudu kuma ruwan saman da El Nino ke kawowa arewacin ƙasar yana sa hamada ta yi kore, a 1998 har tafki ya samu a hamadar Sechura. Ancobeta ya dawo da ƙarfinsa a shekarun 1990, 1994 aka kusa miliyan 10, shi kuma sadin ya ɓace. Laka da aka haƙo daga ƙasan teku, wadda ɓawon kifi ke kwance cikinta shimfiɗa-shimfiɗa, ta nuna irin wannan hawa da sauka na faruwa tun kafin a ƙera jirgin kamu ko ɗaya. Wasu na riƙe wannan su ce ka gani, ba laifin masunta ba ne. Ni ban yarda ba. A 1997 zuwa 1998 an yi El Nino da ya fi na 1972 tsanani nesa ba kusa ba, amma aka rufe kamun da wuri, 1998 aka tashi da miliyan 1 da 'yan kai, zuwa 2000 an koma kusan miliyan 10. Na 1972 kuwa sai da aka yi wajen shekara 20 ana jira. Yanayin teku na dogon zango ya bambanta a lokutan biyu, ba a musun wannan, amma yawan iyayen da aka bari a ruwa ma ya bambanta, kuma shi ne kaɗai abin da ke hannun mutum.

Lissafin Ryther shi ma bai tsira daga gyara ba. Awon da aka yi daga baya ya nuna tsirran gaɓar Peru na samar da abin da ya ninka giram 300 ɗinsa, sannan a 2008 Pepe Espinoza da Arnaud Bertrand suka duba cikin dubban ancobeta, suka ga in ƙirga ƙwayoyi za a yi dayatom ne suka fi yawa, amma in kabon za a auna, wato ainihin abin da ke ƙosar da kifin, kusan duka daga ƙananan dabbobi yake zuwa, musamman 'yan mitsi-mitsin jatan lande. Ashe sarƙar ta fi mataki ɗaya da rabi. Wannan ya ƙara ɗaure kai, don akwai manyan wurare huɗu masu irin wannan tasowar ruwa, Kalifoniya a gaɓar Amurka, Kanari da Benguwela a gaɓar yammacin Afirka, sai Humboldt na Peru da Chile, tsirran Peru ba su fi na Benguwela yawa ba amma kifinta ya ninka na sauran sau da yawa, yankin da bai kai kashi 0.1 na teku ba yana ba da wajen kashi 10 na kamun duniya a shekara mai kyau. Bayanin da ya fi kama hankalina shi ne na iskar oksijin. Yawan abin da ke nutsewa yana ruɓewa ya shanye oksijin ɗin ruwan ƙasa, har a wasu wuraren mita 'yan gomomi kawai za ka nutsa ka shiga ruwan da kifi ba ya iya numfashi. Wannan ya matse komai a 'yar siririyar shimfiɗa ta sama, abincin ancobeta na taruwa a gabansa musamman da dare, manyan kifayen da ke bukatar oksijin da yawa kuma ba sa jin daɗin zama su cinye shi. Wato yawan tsiro kaɗai ba ya gaya maka yawan kifi, sai ka san ta wace hanya abincin ke bi da kuma nawa ke zubewa a hanyar. Daniel Pauly da Villy Christensen sun juya lissafin ta baya a 1995, suka tambaya tsiro nawa ake bukata don a samu kifin da mutane ke kamawa, suka samu wajen kashi 8 na duk abin da teku ke samarwa, amma a wuraren tasowar ruwa wajen kashi 25 ne.

Yanzu tsarin ya canja. IMARPE na fita da jirgin bincike kafin kowane zangon kamu ta auna nauyin kifin da na'urar sauti, daga nan a yanka kaso ta yadda iyaye tan miliyan 4 zuwa 5 za su saura a ruwa, ana rufewa lokacin ƙwai, doka ta hana kama wanda bai kai santimita 12 ba fiye da ɗan kaso kaɗan, in ƙanana suka yi yawa a wani yanki a rufe shi. Kafin 2009 kaso ɗaya ne na kowa da kowa, ana rige-rige har shekara ta koma wajen kwana 50 na kamu, dokar 2008 ce ta raba wa kowane jirgi nasa. Matsa lamba dai na nan, duk zango sai an ja tsakanin masu masana'anta da masu bincike, musamman kan ƙananan kifi. A 2014 an soke zango na biyu, a Yunin 2023 ma da ruwa ya sake ɗumama aka ga ƙanana sun fi yawa aka soke zango na farko gaba ɗaya a yankin arewa da tsakiya. Tsuntsayen kuwa ba su sake komawa ko kusa da miliyan 20 ba. Kifin da ake kamawa har yanzu kusan dukansa gari da mai yake zama, sai dai yanzu ba kaji da aladu ne manyan masu ci ba, kifin kiwo ne da jatan lande, kuma Sin ce ke sayen mafi yawa.